Ƙafar Sha'ibu Tela da Takardar Shinge

A Matankari, in ka ce kana neman Sha'ibu tela, babu wanda zai tambaye ka wane Sha'ibu. Za a nuna maka wata rumfar kwano da ke jingine da bishiyar bedi, kusa da inda motocin Dogon Dutsi ke sauke mutane. A nan yake zaune shekara ashirin da shida, shi da keken ɗinkinsa na ƙafa, baƙi wuluk, wanda zanen jikinsa ya goge tun tuni. Da wutar lantarki ta wadata a garin, samarin teloli suka sayi kekuna masu aiki da wuta, shi ko ya ce a bar shi da nasa. Wuta tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, in ji shi, amma ƙafarsa ta dama kullum da ita yake tashi.

Siririn mutum ne mai sanyin magana, ga shi da wani hali da aka daɗe ana yi masa dariya a kai. Sha'ibu ba ya riƙe fuskar mutane. Ku gaisa da safe, ku sake haɗuwa da la'asar, sai ka ga ya tsaya yana kallonka kamar baƙo. Amma bari idonsa ya sauka a wuyan rigarka ko bakin aljihu, nan take zai ce, "A'a, Malam wane! Ashe kai ne." Matarsa Hasiya tana ba da labari cewa a makon farko na aurensu ta ari zanen ƙanwarta ta tafi rijiya, ya wuce ta a hanya har da ce mata, "Sannu, baiwar Allah." Shi dai ya ce ba haka aka yi ba, amma har yau bai faɗi yadda aka yi ba.

Wannan ido a wurin Malam Sambo ya samo shi, wani tsohon tela na Dogon Dutsi, Allah ya jiƙansa. Su shida ne suka koyi ɗinki a hannunsa lokaci guda. To, Malam Sambo mutum ne da ba ya son a kawo ƙorafin riga ya rasa wanda zai yi wa faɗa, don haka sai ya ba kowannensu alamar da zai riƙa rufe bakin aljihu da ita. Sha'ibu aka ba shi gajerun layi biyu. Abokinsa Luƙman aka ba shi ƴar kusurwa uku, kuma da yake bahago ne, tasa kusurwar kullum a juye take fitowa, tsininta yana kallon ƙasa. Suka gama koyo, kowa ya kama gabansa, Luƙman ya koma garinsu Sukukutane, amma hannu ya riga ya saba. Har tsufa ya fara leƙo su, kowa da alamarsa yake rufe aljihu, ba tare da ya ma lura ba.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya. In damina ta faɗi ya rufe rumfa da hantsi ya tafi gonar da ya gada, in an yi kaka ya koma kan keke. Ba shi da yawa, ba ya kuma roƙon kowa.

Abin ya faru kwana uku bayan Mauludi, damina tana ban kwana, an fara roron wake. An yi ruwa mai ƙarfi da asuba, hanya ta yi caɓi. Sha'ibu ya rufe kekensa da tsumma zai tafi sallar azahar, yana bin gefen hanya a hankali don kada laka ta taɓa wandonsa. Sai ga wata farar mota mai buɗaɗɗen baya, an yi mata lodin buhuna har sun fi ƙarfinta. Direban ya kauce wa wani kududdufi, bayan motar ya zame a laka, ya make Sha'ibu ya yar. Waɗanda ke kusa sun ce sun ji ƙarar ƙashin kamar an karya busasshen kara.

Direban bai gudu ba. Ya diro da gudu, ya durƙusa a cikin laka, ya tallabo kan Sha'ibu yana salati, hawaye na zuba. Shi ko Sha'ibu, zafi ya sa duniya ta yi masa duhu ta gefe-gefe, abin da kawai ke gaban idonsa shi ne ƙirjin mutumin: shadda ruwan ƙasa, aljihu biyu, a bakin kowanne ƴar kusurwa uku a juye. Ko a wannan hali sai da zuciyarsa ta ce, ɗinkin Luƙman. Daga nan bai ƙara sanin inda yake ba.

Kafin ka ce me, an taru. Samari sun riƙe direba, wani har ya ɗaga hannu. Sai ga Baffa Garba ya fito daga masallaci yana dogara sanda. Shi ne ƙanen mahaifin Sha'ibu, kuma babban gidan tun bayan rasuwar wansa. Ya dubi ɗan nasa a kwance, ya dubi direban, ya ce, "Ku sake shi. Da gangan ya yi? Yaro, tashi. Abin da Allah ya rubuta ne. Mun yahe."

To, a wajenmu, in babban gida ya faɗi wannan kalma a gaban jama'a, magana ta mutu. Ba a tambayar wanda aka yafe wa sunansa, ba a tambayar garinsu, don tambayar suna tana nuna an ajiye wani abu a zuciya. Lambar motar kuwa laka ta shafe ta, kuma ko ba ta shafe ba, wa zai tsaya karanta ta bayan Baffa ya yi magana? Direban ya roƙi a bar shi ya kai Sha'ibu likita a Dutsi, Baffa ya ce a'a, akwai mai ɗori a gari, shi ya ɗora kakanninsu. Mutumin ya juye abin da ke aljihunsa a hannun wani dattijo, ya yi ta godiya, ya ja motarsa ya tafi.

Mai ɗori ya yi iya yinsa, Allah ya sani. Ya ja, ya tofa, ya ɗaure da itace, aka yi kwana arba'in. Ƙashi ya kama, amma a karkace ya kama, tafin ƙafar ya juya waje kamar yana fushi da ɗan'uwansa. Tafiya dai ana yi da sanda. Matsalar keke ce. Ranar da Sha'ibu ya koma rumfa ya ɗora ƙafa a kan matakin, bai gama kalmasa bakin zane ɗaya ba ya ji kamar ana buga masa ƙusa a ƙwauri. Ya gwada da hagu, keken ya riƙa komawa baya yana tsinke zare. Ya huta, ya sake, haka. Ana haka har aka cika wata biyar da hatsarin, ga azumi yana matsowa, lokacin da tela ke samun abin da zai ci rabin shekara. Mutane suka fara zuwa suna karɓar yadinsu da kunya, kowa da uzurin da zai kawo. Sha'ibu yakan ninke ya miƙa, ya ce ba komai.

Hasiya ce ta gaji. Wata safiya ta ajiye masa koko ta ce, "Malam, yau likita za mu tahi. In ba ka tahiya, ni in tahi da ƙahwar in bar ka nan."

A asibitin Dogon Dutsi aka ɗauki hoton ƙashin. Likita ya ɗaga hoton ga haske ya ce gyara ɗaya ne: a sake karya shi, a daidaita, a sa ƙarfe, kuma sai a Yamai. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, Hasiya ta dafe ƙirji. Ko an sayar da keken da tumakinta duka ba za su kai ba, sai an haɗa da gonar gado. Kuma wane tela ne zai sayar da keke don ya gyara ƙafar taka keke?

Suna zaune a kan benci a waje, sai ga majo, wato shugabar masu jinya ta sashen, ta fito, wata kakkaurar mace mai tabarau da ake kira Madam Mubaraka. Ta tsaya a kansu da takardunsu a hannu.

"Baba, an ce mota ta buge ka. Wace mota?"

"Hwara," in ji Sha'ibu.

"Duk motocin Arewa farare ne. Lambarta?"

"Ba mu duba ba."

"Sunan direba?"

"An yahe mai, Madam."

Ta zare tabarau ta dube shi. "To, jandarma sun zo sun yi konsta, sun rubuta yadda aka yi? Ba su zo ba. Asurans ɗin motar fa?"

Sha'ibu ya yi murmushi, don ya ɗauka wasa take. "Asurans? Wagga takarda da direbobi ke nuna ma jandarma a shinge?"

Madam Mubaraka ta zauna a gefen bencin, kamar wadda ta sha faɗin magana ɗaya har ta gaji. Ta ce takardar nan ba don shinge aka yi ta ba. Duk mai mota yana biyan wani kamfani, don ranar da motarsa ta raunata mutum, kamfanin ya ɗauki nauyin magani. Ba direba zai biya ba, ba kuma alfarma ba ce. Amma sai an san motar, an ga takardar da ke aiki a ranar da abin ya faru, jandarma sun rubuta yadda aka yi, da shaidu. "Kullum haka kuke yi mini," ta ce. "Ku yafe, ku sallami mutum, sannan ku zo nan ku sayar da gona. Ku nemo shi, Baba. In kun samo takardar ku kawo mini, zan nuna muku ƙofar da za ku bi."

A motar komawa, da suka wuce rabin hanya, Sha'ibu ya juyo wajen Hasiya.

"Baffa ya yahe gaban mutane," ya ce a hankali.

"Awo, ya yahe," in ji Hasiya. "Ƙahwarshi ce?"

"Hasiya."

"Na yi shiru. Amma ko muna so, ina za mu gane shi? Kai da ba ka gane ni ba a hanyar rijiya."

Sha'ibu ya juya ya dubi gonaki ta taga. Can ya ce, "Shi ban san shi ba. Amma na san wanda ya yi mai riga."

Ranar kasuwar Sukukutane ya shiga motar ƴan kasuwa, aka ba shi gaba saboda ƙafa. Ya ce wa Baffa Garba zai je gaida Luƙman, kuma ba ƙarya ya yi ba. Hanyar rairayi ce, mota tana nitsewa ana sauka ana turawa, shi kaɗai ake bari a ciki da wata tsohuwa da kajinta. Sai bayan azahar suka isa.

Shekara tara ke nan ba su haɗu ba, tun ta'aziyyar Malam Sambo. Luƙman ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, da Sha'ibu ya wuce shi in ba don ya ga almakashi a hannun hagu ba.

"La ilaha! Mai layi biyu!" Luƙman ya miƙe har yadi ya zube. "Mi ya same ka haka? Kishiya ka yi ma keke, ya rama?"

"Bahago, ba ni wuri in zamna tukuna. Rigarka ce ta buge ni."

Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka gaisa har aka gaji, aka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan Sha'ibu ya ba shi labari tun daga laka har bencin asibiti. Ya kwatanta rigar: shadda ruwan ƙasa, wuyan tazarce, aljihu biyu a ƙirji, na daman ya fi zurfi.

"Na dama ya hi zurhi," Luƙman ya maimaita. Ya juya ya dubi bangon shagonsa. Shi ba ya ajiye littafin awo, a bango yake rubutawa da alli da gawayi, suna da tsawo da faɗin kafaɗa, wani a kan wani, tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa. Ya bi bangon da yatsa yana gunaguni. "Mutum ukku na yi ma wagga shadda. Guda malamin lakwal ne, mai koyar da boko, ko keke bai iya ba. Guda ya tahi Libiya. Mai son aljihu mai zurhi, saboda wayarshi kullum tana hwaɗuwa in ya duƙa duba taya…" Yatsan ya tsaya. "Salman. Ga shi nan, har da lambar waya. Kai, yaron kirki ne wallahi. Shi ya sa tun kaka ya daina bin hanyar Matankari, yana zagayawa ta daji, muna ta yi mai tsiya."

"Kira shi. Amma kada ka tsorata shi."

Luƙman ya latsa waya. "Salman, kana gari? To zo ka gwada rigar sallarka, hannun ya yi min tsawo." Ya kashe ya dubi Sha'ibu. "Kada ka dube ni haka. Da gaske hannun ya yi tsawo."

Ba a jima ba farar mota ta tsaya a ƙofar shago. Saurayin ya shigo da sallama yana murmushi, sai idonsa ya faɗa kan sandar, ya gangara kan karkatacciyar ƙafar. Murmushin ya ɗauke. Ya durƙusa a nan bakin ƙofa.

"Baba…"

"Tashi, ɗana. Ban zo da jandarma ba, ban zo da hwaɗa ba. Abin da Baffa ya hwaɗi yana nan. Takarda na zo gani."

Ya maimaita masa abin da Madam Mubaraka ta ce, yadda ya iya riƙewa. Salman ya saurara baki buɗe. Shekara goma sha ɗaya yana tuƙi, motar ma tasa ce, ya saye ta da guminsa. Duk wata uku yakan ba wani mutum a tashar Dutsi kuɗi, mutumin ya kawo masa takarda mai tambari, ya sa a leda ya maƙale a saman gilashi. In an zo shinge ya miƙa, a duba a maido.

"Kana nuhin," ya ce, "mutanen nan da nike ba kuɗi, akwai abin da su ma za su ba wani?"

"Haka majo ta ce."

"Ni na aza haraji ne!"

"Ni ma," in ji Luƙman. "Kuma ni ko mota ba ni da ita."

Salman ya fita da sauri ya ɗauko ledar. Aka aika aka kira malamin lakwal ɗin nan mai shadda ruwan ƙasa, don a cikinsu babu mai karanta Faransanci sosai. Malamin ya duba ya girgiza kai. Wannan takarda sabuwa ce, a watan jiya aka yi ta. Ta lokacin Mauludi ake so. Ina take?

Salman ya sosa ƙeya. In an ba shi sabuwa, tsohuwar ba ta da wani amfani a shinge, to me zai ajiye ta ya yi? Sha'ibu ya jingina da bango. Ya dubi ƙafarsa, ya fara lissafin wanda zai iya sayen gona bai wulaƙanta ta ba.

"Tsaya," in ji Salman. "Gilashi."

Ashe gilashin ƙofar direba ya daɗe da lalacewa, in an ɗaga shi sai ya zame ya koma ciki. Da me yake tokare shi? Da tsofaffin takardun asurans, don suna da kauri. In ɗaya ta lanƙwashe ta faɗa cikin ƙofar, sai ya ninke wata. Aka nemo sukurdireba, aka kwance murfin ƙofa a nan bakin kasuwa, mutane suka taru suna kallo. Ga su nan a ƙasa, dunƙule-dunƙule, wasu ruwa ya ci su har sun koma kamar tuwo. Luƙman ya hura gawayi a dutsen guga, yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin yanka, malamin lakwal yana karantawa, da kalandar shago a hannunsa yana neman ranar da Mauludi ya faɗa a watan Bature. Ta huɗu ba ita ba ce. Ta biyar rubutun ya wanke. Da aka zo ta bakwai malamin ya matso da ita kusa da ido, ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa.

"Wannan ce. Ranar tana ciki, har da saura kwana tara."

Sha'ibu ya miƙa hannu. Ya karɓi takardar, da ɗumin guga a jikinta, ya riƙe da hannu biyu.

Amma takarda kaɗai ba ta isa ba, kuma ya faɗa wa Salman gaskiya. Sai an je birgad, wato ofishin jandarma, an rubuta, sai shi Salman ya tsaya ya ce shi ne ya yi, kuma ba mamaki a ci shi tara don bai kai rahoto ba tun farko. Saurayin ya dubi makullin motarsa. "In sunka karɓe min permi, takardata ta tuƙi, fa?" Babu wanda ya iya ce masa ba za su karɓa ba. Ya ɗago ya sake duban ƙafar. "Wata biyar ina zagaye garinku kamar ɓarawo, Baba. Mu tahi."

Saura Baffa Garba, don shi ne babban shaida, kuma in bai yarda ba babu ɗan Matankari da zai buɗe baki. Washegari da hantsi Sha'ibu da Salman suka same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Sha'ibu ya fara bayani, bai kai rabi ba tsohon ya ɗaga hannu.

"Sha'ibu, ni na yi magana gaban masallaci. So kake a ce Garba ya tohar da miyau ya koma ya lashe? Ka tahi har garinsu ka jawo yaron mutane. In gona ce, a saida. Ni ma ina da tawa, a haɗa."

Da gaske yake, kuma wannan ne ya fi yi wa Sha'ibu ciwo. Ya sunkuyar da kai. Sai Salman ya matso a durƙushe.

"Baffa, a ba ni izini in yi tambaya."

"Yi."

"Ranar nan, wa kunka yahe ma?"

"Kai mana."

"To na gode, kuma har in mutu ina godiya. Amma akwai wasu mutane a Yamai, cikin bene, ban taɓa ganinsu ba. Shekara sha ɗaya ina aika musu kuɗi, ashe alkawarinmu da su shi ne in irin haka ta hwaru su yi magani. Su ba su zo Matankari ba, ba su durƙusa cikin laka ba, ba su roƙe ku ba. Su ma kun yahe musu?"

Baffa Garba ya ajiye igiyar. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Alkawari kunka yi da su?"

"Da tambari, Baffa. Ga ta."

Tsohon ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya ko da yake ba ya karatun boko. "Ni ban san su ba, balle in yahe musu," ya ce daga bisani. "Wanda ya ɗauki alkawari shi cika. Amma ku ji: ba mai ruhe wanga yaro. In an ce za a ruhe shi, na tashi, kuma ban ga komi ba."

Haka suka ɗunguma birgad ɗin Dogon Dutsi a cikin farar motar, Baffa a gaba da babbar riga, da mutum biyu da suka ga abin. Kwamandan ya yi faɗa sosai, ya ce wata biyar sannan za a zo masa da hatsari kamar tsohon bashi. Ya ci Salman tara, amma ya bar masa permi. Da aka zo kan Baffa, ya ba da shaida tsaf, sannan ya ƙi sa hannu sai an rubuta cewa shi Garba ya yafe wa direba. Kwamandan ya ce wannan ba ya cikin tsarin takarda. Baffa ya ce to a sa shi. Aka yi ta ja, har jandarman da ke buga na'ura ya gaji ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, ya karanta masa da Hausa. Sannan ya dangwala yatsa.

Kada ka ɗauka daga nan sai Yamai. Madam Mubaraka ta haɗa takardun likita, ta nuna musu ofishin da za su kai. Aka ce a dawo bayan sati biyu, aka dawo aka ce hoton ƙashi ya tsufa a sake wani. Sallah ta zo ta wuce, rumfa a rufe, tumakin Hasiya biyu suka tafi a kuɗin mota da cefane. Kamfanin ya aiko nasa likitan, ya auna ƙafar da tef kamar mai shirin ɗinka mata wando. Salman ne ke kai su Doso, inda ofishin yake, in ta kama, kuma duk direban da ya haɗu da shi a tasha sai ya tsare shi da labarin takarda, har aka fara gudunsa. Sai da aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan aka kira waya aka ce an amince.

Aka yi aikin a Yamai, aka sa ƙarfe da kusoshi shida. Kamfanin ya biya asibiti da magani, ya ƙara wani abu kaɗan na zaman da ya yi ba aiki, wanda bai kai yadda Madam Mubaraka ta ce ya kamata ba. Ta so su ja, Sha'ibu ya ce ya isa. Gona dai tana nan, maƙwabta suka yi masa gayya suka nome ta a shekarar.

Ƙafar ta miƙe, sai dai ta ɗan gaza ƴar'uwarta tsawo, kamar faɗin yatsa biyu. Bayan wata huɗu likita ya ce ya gwada. Sha'ibu ya sa kafinta ya yanko masa guntun katako, ya ɗaure shi a kan matakin keke da waya don ya cike gibin. Bai koma rumfa ba tukuna, a tsakar gida aka ajiye masa keken, don ba ya son a taru a kansa in abin ya ƙi. Ya ɗiga mai, ya zura zare, ya ɗauko wani tsohon zanen gado da ya yage, mai tsawon kamu shida. Ya yi bisimilla ya taka.

Hasiya tana bakin murhu tana tankaɗe, ta ba shi baya. Ba ta juyo ba, amma hannunta ya tsaya a kan rariya. Keken ya yi ta tafiya, ya kai ƙarshen zanen, ya juya, ya kamo ɗaya gefen.

"Da ciwo?" ta tambaya, har yanzu ba ta juyo ba.

"Da kaɗan."

"To ka huta mana."

"Bari in kai ƙarshe," ya ce. "Kina da wani abin da ya yage?"